Tambayoyi da amsoshi kan ɗaure doguwar wadrob a ɗaki mai tayil

Waɗannan tambayoyin su ake ta maimaita min kullum, wasu ranar jere in na je haɗa kayan ɗakin amarya, wasu a waya, yawanci iyaye mata masu yara ƙanana da magidantan da suka tare a sabon gida aka malale ko'ina da tayil. Na tara su wuri ɗaya na amsa gwargwadon abin da na sani a aikin kafinta. In kina sauri ki karanta ukun farko da ta ƙarshe, sauran ki miƙa wa wanda zai yi miki aikin.

Wai wadrob mai nauyin nan har faɗuwa take yi? Ƙarti huɗu fa suka shigo da ita

Tana faɗuwa Hajiya, kuma nauyin nan da kike ganin shi ne tsaronki shi ne ke yin ɓarna in ta zo ƙasa. Ki duba siffarta, tsayi ƙafa bakwai zuwa takwas amma faɗin gindinta daga gaba zuwa baya bai cika ƙafa biyu ba. Sannan nauyin ba a tsakiya yake ba, bayanta falle ne siriri mara nauyi, gabanta kuma ƙofofi ne masu kauri, wasu har da madubi tun daga sama har ƙasa. Fallen MDF ɗaya, wato katakon nan da ake matsawa daga garin itace, mai kaurin milimita 18 ya kai kusan kilo 40, to ki lissafa falle nawa wadrob mai ƙofa shida ta ci. Da an buɗe ƙofofin duka a lokaci ɗaya nauyi ya koma gaba, sai yaro ya jawo durowa ya taka yana son ɗauko wani abu a sama, ko ya kama ƙofa yana lilo, abin da ya rage kaɗan ne ta rinjayo.

Ba a nan kaɗai ba ne. A shekarar 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyin kaya kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun danne yara sun mutu, kuma waɗancan ba su kai tsayin wadrob ɗinmu ba. Daga Satumbar 2023 doka ta tilasta a can cewa duk abin ajiye tufafi da ya kai inci 27 tsayi sai an gwada shi da nauyin yaro mai kilo 27 a ga ba zai kife ba. Mu a nan kafinta ne ke haɗawa a shago a loda a mota a kawo, babu mai gwada komai, don haka gwajin ya dawo kan mai ɗaki.

Meye laifin tayil a ciki? Ai da ma a kan siminti ake ajiyewa

Tayil yana ƙara abubuwa uku. Na farko santsi, a kan siminti ko kafet gindin wadrob yana cizo, a kan tayil mai sheƙi kuwa kullum aka ja ƙofa da ƙarfi sai ta ɗan matso gaba, yau kaɗan gobe kaɗan, wata shida sai ki ga hannu yana shiga bayanta. Na biyu ba kowane mai tayil ne ke fitar da lebur daidai ba, wani ma da gangan yake karkata ɗakin wajen ƙofa don ruwan mofin ya gangara, kinga wadrob ɗin da ke jikin bangon ciki tun ranar farko a sunkuye take. Na uku sikatin, wato tayil ɗin da ake zagaya gindin bango da shi, yana tokare ta daga ƙasa ya hana ta jingina, akwai amsa daban a kan wannan a ƙasa.

Akwai kuma tayil ɗin da ba a cika siminti a ƙarƙashinsa ba, in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amo kamar ganga. In ƙafar wadrob ta hau irin wannan wata rana zai tsage ya lotsa, wadrob ta karkace ta wannan kusurwar. Kafin a kafa a bi wurin da bayan cokali a ƙwanƙwasa.

To tunda ƙasa ce ke santsi, ba sai a kafe ta a jikin tayil ɗin ba?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so mutane su riƙe. Daga sama ake ɗaure wadrob a jikin bango, ba daga ƙasa ba. Ka tsayar da doguwar gora ka riƙe gindinta wani ya tura samanta, sai ta fi ƙarfin hannunka, amma in saman ka riƙe da yatsa biyu ma ka tsayar da ita. Haka abin yake, sukuru biyu a sama sun fi takwas a ƙasa, don in ta tashi rinjayowa fizge sukurun ƙasan za ta yi daga jikin MDF ɗin kamar ana yaga biredi.

Ga kuma asarar da za ka jawo, tayil ya tsage ka zaga kasuwa ba ka samu irinsa ba don an daina kawo wa, ruwan mofin ya riƙa shiga ramin, in ɗakin da banɗaki a ciki wataƙila ma bututun ruwa ya bi ta nan. Abin da ƙasa ke buƙata roba ce kawai da saiti, duba amsar da na yi kan wadrob mai rawa.

Me da me zan sayo?

Ba kayan tsada ba ne. Ƙarfe mai lanƙwasa kamar harafin L guda biyu, in wadrob ɗin ta wuce ƙofa huɗu a yi uku ko huɗu, kuma a zaɓi mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa da hannu, ba irin na gwangwanin nan ba. Sai fisha, robar nan da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru, mai lamba 8 ko 10, da sukuru mai tsawon inci uku na bango, da ƙananan bol da noti da wosha na jikin wadrob. Sai injin huda bango da bakinsa na kankare wanda lambarsa ta yi daidai da ta fisha, 8 da 8, 10 da 10, wannan kar a yi kuskure a kai.

A Kano za ka samu duka a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, katako kuma a 'Yan Katako ta Na'ibawa, a Kaduna Panteka, a Yamai kasuwar Katako. In ba ka samu ƙarfen kirki ba kowane mai walda zai yanko maka angul, ƙarfen nan mai kusurwa, ya huda maka shi cikin minti goma, gaskiya ni ma na fi yarda da wannan a kan na kanti da ke zuwa a leda.

Yaya ake aikin, daga farko har ƙarshe?

A fara kwashe kaya duka, in da hali a cire ƙofofi don ta yi sauƙin turawa. A saita ta a inda za ta zauna a tabbata ta tsaya cak ba ta rawa, kar a ɗaure wadrob tana karkace a ce ƙarfe zai miƙar da ita, ba aikinsa ba ne. Sai mutum ya hau tsani, wani ya riƙe masa don tsani ma zamewa yake a kan tayil, ya ɗora ƙarfen a saman wadrob kusa da gefe-gefe inda katakon tsaye ya haɗu da na sama, nan ne ya fi ƙwari, ya yi alama da fensir a bango. A janye wadrob a huda, a hure ƙurar ramin sosai, a buga fisha ta shige daidai da fuskar bango, a mayar da wadrob a ɗaure.

Wajen jikin wadrob na fi so a huda katakon sama ya ɓulle a sa bol da noti, wosha mai faɗi daga ciki, don sukuru shi kaɗai a cikin MDF yana kwancewa da daɗewa. In an gama babban mutum ya buɗe ƙofofi duka ya kama samanta ya jawo da ƙarfinsa. In ta motsa ko da kaɗan aiki bai yi ba, a sake.

Ba zan iya ɗaure ta ta ciki ba, in bi ta fallen baya in shiga bango?

Fallen baya kaurinsa milimita 3 ne ko kusa da haka, kuma ƙananan ƙusoshi ne ke riƙe da shi. In ta tashi faɗuwa fallen zai zauna a bango ita ta zo ƙasa. Sai dai in kafinta ya gindaya katako mai ƙwari daga ciki, can sama, ya kama gefe da gefe da sukuru, to ta cikin wannan katakon ana iya bi, kuma ya fi kyan gani don ba a hango ƙarfe.

Sikatin ya tokare ta, akwai rata tsakaninta da bango

Kusan duk ɗaki mai tayil haka yake. Kuskuren da ake yi shi ne a danna saman har ya taɓa bango a ɗaure a haka, sai gangar jikin ta murɗe, ƙofofi su daina haɗuwa, hinjis su fara kuka. Abin da ya fi shi ne a samu katako mai kaurin da ya kai ratar, a kwantar da shi a bango daidai tsayin saman wadrob a kafe da fisha uku ko huɗu, sannan a ɗaura ƙarfen a jikinsa. Sukurun bango a nan sai ya zama inci huɗu tunda katako ya cinye wani abu.

In sabuwa za a yi miki ki ce wa kafinta ya zo ya auna tsayin sikatin da kaurinsa ya yanke gurbinsa a gindin bayan wadrob, sai ta zauna ɗas a jikin bango. Fasa sikatin kuwa ban ba da shawara ba, musamman a gidan haya.

Na huda, fisha sai juyawa take a rami, bulon kamar gari

Toh wannan ita ce matsalar da ta fi cin lokaci, don bulon da ake bugawa yanzu da yawa yashi ya fi siminti yawa, kuma da ma cikinsa rami ne, naman da za ka kama bai fi inci ɗaya da wani abu ba bayan filasta. In ka kunna inji a kan bugu, wato hama, sai ya farfasa bayan bulon ramin ya yi baki, shi ya sa a bulo mai taushi a huda da juyi kawai a hankali. In ka ji baki ya faɗa fanko ka matsa gefe kaɗan ka nemi inda siminti ya haɗa bulo da bulo ko ƙashin tsakiyar bulon. Wani sa'in ana dacewa, yawancin gidaje lintarsu tana wajen ƙafa bakwai daidai saman ƙofa, in an zagaya ginin da ita to saman wadrob yana zuwa dab da kankare, wannan in ka samu ka huta, fisha a kankare ba ta da matsala.

Ramin da ya riga ya yi faɗi kar a cusa masa tsinken ashana ko tsumma a ce ya kama. A cike shi da siminti mai ƙarfi a bar shi kwana biyu zuwa uku ana yayyafa ruwa, ko a sake wani ramin nesa da shi. Ƙusar kankare da wasu ke bugawa ita ma ban yarda da ita ba a wannan aikin, tana riƙe abin da aka rataya ya ja ƙasa amma wadrob waje take ja, zare ta za ta yi kawai. Ginin ƙasa da aka yi wa filasta kuwa fisha ba ta da abin kamawa ko kaɗan, sai dai dogon bol ya ratsa bango ya ɓulla ɗaya gefen a sa masa faffaɗan ƙarfe da noti, ko magini ya tona ya binne guntun katako da siminti a ɗaura a jikinsa.

Ina tsoron kar in huda wayar wuta ko bututun ruwa

Tsoron yana kan hanya. Masu wayarin galibi a miƙe suke bi, daga soket ko makunni su haura sama ko su tafi gefe a layi ɗaya, don haka kar a huda daidai saman soket ko makunni ko kusa da inda aka sa na'urar sanyaya ɗaki, a kauce kamar taƙi ɗaya zuwa biyu. A leƙa ɗaya gefen bangon ma, in banɗaki ne ko kicin a duba inda famfo da shawa da hita suke. A kashe wutar ɓangaren daga babban akwati a jawo wa inji wuta daga wani wuri. In kana huda ka ga garin roba fari ko baƙi yana fitowa maimakon ƙurar siminti ka tsaya nan take, fayif ka taɓa.

Bangon ma tayil ne har sama, zai huda ba tare da ya fashe ba?

Zai huda. A manna salatif na takarda a wurin don baki kar ya zame, a kashe bugu, a sa bakin huda tayil a tafi a hankali ana ɗiga ruwa, in an wuce tayil sai a canza zuwa bakin kankare. In layin da ke tsakanin tayil biyu ya zo daidai inda kake so, nan ya fi sauƙi. A tura fisha ta wuce kaurin tayil ɗin ta shige cikin bango, don in ta buɗe a cikin tayil tsaga shi take.

Tana rawa in an taɓa, ƙofofi ma da kansu suke buɗewa, me zan sa a ƙasa?

Ƙofa mai buɗe kanta alama ce wadrob ta sunkuyo gaba, kar a tsaya gyaran hinjis. A ɗaga gaban kaɗan da siririn abu mai tauri har ta miƙe ko ta ɗan koma baya ƙiris, a duba da lebur na magina. Kwali da aka saba ninkewa a cusa ba ya aiki, ranar da ruwan mofin ya taɓa shi ya lotse an koma gidan jiya. Roba ce maganin, a yanko tsohon tub na mota ko robar shimfiɗar ƙafa a sa a kowace kusurwa da tsakiya, tana hana zamewa, tana raba nauyi kar tayil ya tsage, tana kuma ɗaga katakon daga ruwa.

Maganar ruwan nan ba ƙarama ba ce uwargida. MDF in ya sha ruwa kumbura yake ya zama kamar soso kuma ba ya komawa, na sha ganin wadrob ɗin da samanta sabo fil amma gindin ya ruɓe saboda kullum ana kwara ruwa a ɗaki ana jan shi da tsintsiya. A matse mofa sosai in an zo kusa da ita. In mai taya ce a cire tayoyin gaba ɗaya, doguwar wadrob da taya a kan tayil ba sa zama ɗaki ɗaya da yara. Amma fa roba ba ta maye gurbin ɗauri a sama, tare suke tafiya.

Gidan haya nake, mai gida ya ce kar a huda masa bango

Ki sa maigidanki ya same shi ya yi masa bayani cikin mutunci, rami biyu ne ko uku da ba su fi kaurin ɗan yatsa ba, can sama inda ba a gani, in za a tashi a toshe a shafa fenti. Yawancinsu abin da suke gudu a fasa tayil ne, in sun ji ba za a taɓa ƙasa ba suna yarda, ai da ma an huda an rataya labule da talabijin.

In ya ƙi fa, gam da abubuwan mannawa ban amince da su ba, don fenti suke kamawa ba bango ba, fentin kuma ɓarewa yake. A Japan saboda girgizar ƙasa suna tokare saman kabad da rufin ɗaki da wasu sanduna, dabarar tana aiki in rufin ɗakin na kankare ne, kafinta zai iya yin irinta da katako ya cike ratar ta wajen baya, amma a silin na POP ko na roba ɓurma shi kawai za ta yi. In duk babu hali to a rage haɗarin, kaya masu nauyi a ƙasa, a sa mukulli a ƙofofi da durowoyi, a saka ta a kusurwa, kuma kar a shimfiɗa wa yara katifa a gabanta.

Akwatunan lefe da na jera a sama fa?

Na san nan ne ma'ajiyar kowace mace, amma duk abin da aka ƙara a sama yana ƙara mata saurin rinjaya. In an ɗaure ta da kyau ana iya ɗora akwatuna marasa kaya ko masu bargo da filo, a tura su can baya jikin bango. Akwati cike da atamfa da leshi, keken ɗinki, kwalin tangaran, talabijin, waɗannan su sauko. Kuma kar a ajiye alawa ko waya ko kayan wasa a sama yaro yana kallo, da kin fita zai nemi hanyar hawa.

Tawa guntu uku ce aka jera, kowanne sai an ɗaure shi?

A fara haɗe su da juna da bol ta gefe, sama da tsakiya da ƙasa, su zama abu ɗaya, sannan kowane guntu ya samu aƙalla ƙarfe ɗaya a bango. Ƙaramin akwatin da ake ɗorawa a kai shi ma a ɗaure shi da na ƙasa, da yawa ajiye shi kawai ake yi. Mai ƙofar turawa gefe ta fi mai buɗewa zama lafiya tunda ƙofarta ba ta fitowa gaba, amma durowa tana nan, ita ma a ɗaure.

An ɗaure, shi ke nan an gama har abada?

A riƙa dubawa sau biyu a shekara, bayan damina lokacin da bango ya sha danshi da kuma cikin hunturu da katako ke bushewa sukuru ya saki. A hau a girgiza ƙarfen, a duba ko filasta ta tsage a gefensa ko gara ta shiga katakon da aka kafa a bango. In an janye ta don fenti ko feshin kyankyaso a mayar da ɗaurin a ranar, a nan ne aka fi mantawa.

Allah ya kiyaye, in ta faɗo wa yaro me za a fara yi?

A yi ihu a tara mutane a ɗaga ta gaba ɗaya a kawar, kar a ja yaron ta ƙafa ko hannu daga ƙarƙashi. A duba yana numfashi. In ana zargin wuya ko baya ya bugu kar a saɓa shi a kafaɗa, a kwantar da shi a kan abu mai tauri kamar falle ko ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa har a isa asibiti. Jini in yana zuba a danne da tsumma mai tsafta, kar a ba shi ruwa ko abinci a hanya.

Ko ya miƙe yana wasa kamar ba komai a kai shi likita ya gani, don bugun kai da na ciki ba lallai su nuna nan take ba. Amai, yawan barci, suma ko da ta ɗan lokaci ce, jini ko ruwa daga hanci ko kunne, kumburin ciki, numfashi da ƙyar, ko wanne aka gani ko tsakar dare ne a fita. In karaya ce a fara ɗaukar hoto a asibiti kafin a yi maganar mai ɗori, kuma a faɗa wa likita tsayin wadrob ɗin da ɓangaren jikin da ta danne da kuma kamar minti nawa ya yi a ƙarƙashinta.